Wayar da Lalla Ta Bari Ba Ta Haɗa Ba

Ranar da Almustafa ya fara ganin Lalla, rabin jikinta yana cikin bonet ɗin wata mota a garejin babanta da ke Tawa. Ya yi sallama, ya ce mai gyaran wutar mota yake nema.

Ta ɗago, ta goge hannu da tsumma. "Ni ce. Mi ya samu motar?"

Almustafa ma'aikacin kiwo ne, allurar dabbobi yake yi a ƙauyukan Barmou. Motar da ya sa aka jawo masa tsohuwar Fijo 404 ce ta mahaifinsa, marigayi Alƙasum, wanda ya yi shekaru yana jigilar mutane da ita. Tun rasuwarsa take ajiye a bayan gida cikin rumfa.

Lalla ta leƙa injin, ta daɗe tana dubawa.

"Dinamon nan da ke cajin batir ya mutu, kuma irinsa ya yi wuya yanzu. Sai dai a sa mata altarnater, a sake wayoyin. Aikin zai ɗauki lokaci."

"Ba ni da gaggawa," ya ce. Ya lura ba motar yake kallo ba, ya sunkuyar da kai.

Daga nan duk ranar da ya shigo Tawa sai ya biya garejin. Ta cire kan batir, ta kwance dinamon da tsohon akwatin da ke daidaita wutarsa, ta sa aka walda ƙarfen da sabon altarnater zai zauna. Shi yana riƙe mata sufana, yana ba ta labarin yadda babansa ke ɗora shi a cinya ya bar shi ya riƙe sitiyari.

Wata rana da safe ya aiko mata da saƙo: "Sarauniyar wayoyi, na zo yi wa raƙumi allura amma hankalina yana gareji."

Ta mayar masa: "Likitan raƙuma, kula da aikinka kada ya harbe ka. Ni ma na duba ƙofa ya fi a ƙirga."

Babanta, Malam Sule, ya ga yaron yana da natsuwa, ya ce ya turo magabatansa. Amma da Almustafa ya kai maganar ga mahaifiyarsa, Inna Kadidiya, sai ta ɗaure fuska.

"Wadda ta taya ka tono motar nan? Ban yarda ba. Kada ka ƙara yi mini zancenta."

Almustafa ya ɗauka sana'ar Lalla ce ba ta so. Haka ya faɗa wa Lalla, ransa a ɓace. Ita kuwa ta tambaye shi abu ɗaya:

"Da ka fiddo motar daga rumfa, ka shawarce ta?"

Ya tuna bai shawarce ta ba.

A lokacin aiki ya kusa ƙarewa. Lalla ta ɗaure bel, ta ja babbar waya daga altarnater zuwa batir, ta haɗa ta ƙasa da jikin mota. Saura siririyar waya guda da ke zuwa jar fitilar gaban direba, wadda in babu ita altarnater ba zai fara caji ba. Lalla ta naɗe bakinta da salatif, ta rufe bonet.

Ta rubuta masa: "Ba zan ƙarasa ba sai Inna ta amince. Mota taka ce, amma mijinta ne ya bar ta."

Almustafa ya ji zafi. Ga shi an gaya masa Muktari, mai shagon kayan mota, yana yawan zuwa garejin da maganar aure. Sai ya rubuta: "In wani ya riga ni, ki faɗa mini kawai." Ba ta amsa ba. Ta karanta, ta yi kuka, ta koma bakin aikinta.

Inna Kadidiya ta ga ɗanta ya rame, ba ya cin abinci. Da ta matsa masa, ya karanta mata saƙon Lalla. Ta sa ya maimaita.

Ranar kasuwar Tawa ta shiga motar haya ita kaɗai, ta sauka ta hau kabu-kabu har garejin. Lalla ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ce kika ƙi ƙarasa aiki saboda ni?"

"Ni ce, Inna."

Tsohuwar ta dafa ƙofar motar. "Ba ke nake ƙi ba, ɗiyata. Ƙarar motar ga nake tsoro. A da kullum da la'asar ita nake ji in san maigida ya dawo. In na ji ta yanzu, wa zai shigo?"

Lalla ta matso. Ta tsaya kusa da ita kawai.

Can Inna ta buɗe ƙofa, ta zauna a kujerar gaba. "Haɗa ta. Gara in ji ta ina ciki."

Lalla ta warware salatif, ta haɗa wayar, ta mayar da kan batir. Ta murɗa makulli, jar fitila ta kama. Injin ya yi tari, ya tashi, fitilar ta mutu. Inna ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, idonta jawur, ta ce, "Kira mini shashashan nan."

Almustafa ya iso da yamma, ya kasa haɗa ido da Lalla.

"Ki yafe mini zancen Muktari."

"Na sallame shi tun kafin ka tambaya," ta ce. "Amma ka sake yi mini irin wannan zato, sai ka yi wata kana lallashi."

Bayan girbin hatsi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sule. Da aka kai amarya Barmou, Inna Kadidiya ce ta tare ta a bakin zaure. Ta kama hannuwanta masu lalle, ta juya tafin, ta shafa kantar da aiki ya bari.

"Kada ka raba ta da sana'arta," ta ce wa ɗanta. Sannan ta haɗa hannayensu cikin nata. "Allah Ya ba ku zaman lahiya, Ya sa ku tsufa tare."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.