Wanda Ya Rufe Ƙofar Shinge

A gonarmu ta kiwon shanu a jihar Wyoming ta Amurka, duk wanda ya zo ƙarshe shi ke rufe ƙofar shinge. Ranar da muka kora shanu zuwa tsauni tare da baƙi 'yan hutu, duhu ya riske mu a hanya. Shanun sai waiwaye suke, sun ƙi natsuwa.

Da muka wuce shingen, Lavonne, baƙuwar da ta zo ƙarshe, ta matso da dokinta. "Orrin, ka gode wa abokin aikinka, ya hutar da ni sauka in rufe ƙofar."

"Wane abokin aiki, baiwar Allah? Ai ni kaɗai ne ma'aikaci a nan."

Na juya. Ga mahayi can, hula ta rufe fuskarsa. Dawakinmu duk suna fitar da tururi saboda sanyi, ban da nasa. Ƙofar kam ya rufe ta, amma yana ɓangarenmu.