Motar Da Ba Ta Sallama

Ranar da Raihanatu ta fara ganin Muntari, saura kaɗan ta zubar da kwandon tumatir. Tana tafe a hanyar fadamar Tama, ba ta ji motsin komai ba, sai ta waiga ta ga farar mota tsaye a bayanta kamar daga sama aka ajiye ta.

"Bawan Allah, kai da motarka ba ku iya sallama ba?"

"Ni na iya. Ita ce ba ta da murya, lantarki take sha."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yanke hukunci ɗan damfara ne. Duk da haka ta ba shi lambarta, don ɗan damfara gara a san inda yake.

Muntari ɗan garin Buza ne, aikinsa haɗa wa masu lambu famfon da ke aiki da hasken rana, kuma a gidansa motar ke kwankwaɗar wutar rana kyauta. A zancensu na farko, maimakon ya yabi idonta, sai ya zayyana mata yadda ya shekara yana auna motoci huɗu. Mai esans, wato fetur, araha ce ran saye, tsada kullum. Mai gazwal, wato man dizal, ƙarfi gare ta, amma ta fi sanin gareji da gidan mai ita. Mai cin biyu, esans da lantarki, inji biyu ne, ciwon kai biyu. Ta huɗu, mai lantarki zalla, ita ya ɗauka.

Raihanatu ta koma gida da zargi. Namijin da ya jera motoci huɗu kafin ya zaɓa, 'yan mata nawa ya jera? Ta tura masa saƙo: "A cikin waɗanda ka auna, ni ta nawa ce?"

Amsa ta zo: "Rabin raina, mota akan auna. Ke ganinki na yi, lissafi ya ɓace mini."

Ta ce a ranta zaƙin ya yi yawa. Ba ta dai goge saƙon ba.

Matsalar daga mahaifinta ta ɓullo. Malam Barmo ya tsufa yana tuƙa kamiyon, babbar motar albasa, daga Madawa, kuma a al'adar gidansa suruki ba ya haɗa ido da mai neman 'yarsa. Da ya ji rurin mota ko babur daga gindin gawon bakin gari, sai ya ɗauki buzunsa ya zame ta ƙofar baya. Haka ya aurar da yayyenta, mutunci bai zube ba.

Muntari kuwa sai dai a gan shi. Ran nan ya tsaya ƙofar gida, ya tarar da Malam Barmo daga shi sai singileti, ƙafa ɗaya cikin kwano yana jiƙa kaushi. Suka kalli juna. Muntari ya durƙusa, tsoho ya rasa ta inda zai gudu.

"Wanga yaro ba shi da kunya," in ji Malam Barmo da yamma, yana faɗa wa matarsa Inna don 'yar ta ji. "Mutumin kirki ana jin tahowatai. Mai zuwa shiru, ko ɓarawo ko maciji."

Dama akwai Ɗahiru dillalin shanu, mai katkat, ƙatuwar motar gazwal da tun daga kan tudu ake jin ta, kaji na watsewa. Shi tsohon ke so, don bai taɓa ganinsa ba. Ɗahiru ya tare Raihanatu a kasuwa.

"Ki tambayi mai motar aljanun nan ran da batirinta zai mutu. An ce kuɗin sabo ya kai na wata motar. Ranar ke za ki tura."

"Ai kai ma na ga ana tura taka ran Juma'a," ta ce, ta wuce.

Amma maganar ta zauna mata. Da Muntari ya kira, ta titsiye shi.

"Gaskiya ne batiri na tsufa," ya ce. "Abin da da zan ba masu esans, shi nake ajiye masa. Amma an ce Baba ya hana ni zuwa. Raihana, saida ta zan yi, in sayi mai esans, mai ƙara sosai."

"Duk lissafin naka?"

"Ya tafi."

Ta shiga neman inda dabarar take. Ta juya maganar ta kowane gefe, ba ta samu ba, abin ya ba ta haushi, sai ga hawaye.

Kawu Yalwa, ƙanen Inna, shi ya kai wa Malam Barmo labarin. Tsoho ya daina jan carbi.

"Mi ka ce? Shi saida motar da rana ka ciyarwa, shi sayi mai shan esans? Ya san abin da mai ya yi mini shekara da shekaru?"

"Don kunyarka, Yaya."

"To wawa ne. Amma wawa mai kunya, shi ana iya zama da shi. Ka ce kada shi saida. In ya kawo gindin gawo, shi danna oda sau biyu in ji ƙara, shi jira. Kuma shi turo magabatanai."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Ran kai amarya aka sa Raihanatu a farar motar, lulluɓe, gwaggonni a gefe. A Tama amarya kuka take yi in za ta bar gidan ubanta, kuma rurin inji ya daɗe yana rufa wa marasa hawaye asiri. Wannan motar ba ta rufa wa kowa. Ta fara tafiya shiru, duk unguwa ta kasa kunne, abin da ya fito daga cikin mayafi kuwa dariya ce ake ta dannewa.

"Ke, ki yi kuka mana, ana jin ki!" in ji wata gwaggo, tana mintsininta.

Malam Barmo na bayan danga, ya ji komai. Ya share ido da hannun riga.

"Ja'ira. Allah shi ba ku zaman lafiya, shi sa albarka."

Mata suka ɗauki guɗa.