Likitan da Bai Iya Gaisuwa Ba

Ranar da Orgil ya fara ganin Yanjin, tana zaune a bakin gado ta dafe ciki tana nishi, alhali lafiyarta ƙalau. Aikinta ke nan. A shekarar ne makarantar koyon likitanci ta su Orgil, a Ulanbator babban birnin Mongoliya, ta fito da sabuwar jarrabawa. Maimakon ɗalibi ya zazzage hadda a takarda, sai a tura shi ɗaki wajen wanda aka koya wa kwaikwayon marar lafiya, a ba shi minti goma. Mai kwaikwayon shi ma yana ba da maki.

Shi kuwa Orgil shekara biyar yana zuwa na ɗaya, kansa duk ya kumbura. Ya shigo idonsa a kan takarda, ya jero tambayoyi kamar ɗan sanda, ya danna mata ciki da hannu mai sanyi, ya faɗi sunan ciwon daidai cikin minti huɗu, ya fice abinsa.

Da sakamako ya fito, gogan ya faɗi warwas. A ƙasan takardarsa an rubuta: "Ya ga ciwon, amma ni bai gan ni ba."

Ya je ya tare ta a bakin ƙofar makaranta yana huci.

"Ke ce kika kayar da ni?"

"Ni ce. Ina wuni, likita?"

"Amsata daidai ce!"

"Daidai ce mana. Sau biyu na ce maka ina jin tsoro. Ka tuna abin da ka ce mini?"

Ya kawar da kai, ita ta ba shi amsar.

"Cewa ka yi in ɗaga rigata."

Sai a lokacin ya dube ta sosai, ya ga kumatun 'yar karkara da sanyi ya mayar da su ja, da idanu masu dariya. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da kyar ya iya cewa, "Ki koya mini."

Daga koyon gaisuwa aka zarce. Ita aikin malanta take karanta, kwaikwayon na ranar Asabar ne kawai. Ta raɗa masa suna Minti Huɗu, shi kuma yana ce mata Malamata. Ya sake jarrabawa ya ci, amma bai daina zuwa ɗaukar darasi ba.

Wata safiya ya rubuta mata: "Malamata, zuciyata tana bugu ba daidai ba tun jiya. Na duba littafi uku ban ga sunan ciwon ba."

Ta amsa: "Minti Huɗu, rufe littafin ka tambayi mai ciwon. Ni ma tawa haka take yi."

Sabon tsarin ya ce kowane ɗalibi sai ya yi wata shida a ƙaramin asibitin karkara kafin a ba shi shaida. Abokansa suna ta neman hanyar zillewa, shi kuwa ya roƙi a tura shi gundumar su Yanjin a lardin Arhangai. Da hutun bazara ya zo ta koma gida, ta ce ya zo ya gaida mahaifinta, Baba Purev, makiyayi.

Ta ja masa kunne. "Baba ba ya son likitocin birni. Mama asibitin birni aka kai ta, ba ta dawo ba. Ka bi a hankali, ka ji?"

"Haba Malamata, ai na ƙware."

Bai ƙware ba. Ya shiga tantin da suke zaune a ciki ya tarar da baƙi cike, 'yan uwa da maƙwabta, har da Sodnom likitan dabbobi, wanda kowa ya san shi Baba Purev yake yi wa 'yarsa sha'awa. Tsohon ya miƙo masa kwalbar garin taba ta gaisuwa. A nan ne ya kamata Orgil ya karɓa da hannun dama, ya shinshina, ya tambayi lafiyar dabbobi da yadda bazara take. Amma da tsohon ya ɗago kai, sai ya ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ya manta da kwalba, ya manta da shayin da Yanjin take miƙo masa.

"Baba, tun yaushe idonka ya zama haka? Wannan ciwon hanta ne. Idan ba ka je asibiti ba, ba lallai ka kai baɗi ba."

A wurin nan ko sunan kyarkeci ba a kamawa kai tsaye, balle a kira wa mai gida mutuwa a gaban baƙinsa. Wata tsohuwa ta tofar da yawu gefe. Kwanon shayi ya suɓuce daga hannun Yanjin.

Baba Purev ya mayar da kwalbarsa cikin riga a hankali. "Yaro, hanyarka da nisa. Gara ka kama ta da rana."

Kwana tara Orgil bai iya cin abincin kirki ba. Labari ya zagaye gundumar, har masu zuwa asibiti suna leƙen fuskarsa suna ƙus-ƙus. Ya tura wa Yanjin saƙo ya fi ashirin, shiru. Ana cikin haka ya hango ta a cikin motar Sodnom sun wuce ta gaban kanti. Ya ce shi ke nan, ya kashe kansa da bakinsa.

A rana ta goma saƙonta ya shigo: "Sai na hau tudu nake samun sabis, kuma ban iya barin Baba. Sodnom gari ya kai ni in tambayi nas ko gaskiya ka faɗa. Ta ce gaskiya ne. Baba ya ƙi zuwa ko'ina. Ina fushi da kai, kuma ina kewarka. Ban san wanda ya fi yawa ba."

Ya karanta sau uku. Sannan ya haɗiye girman kansa ya tafi wurin abokin takararsa. Ya tarar da Sodnom yana wanke allurar shanu.

"A'a, babban likita! Yau wa za a yi wa albishir?"

"Na cancanci haka. Yaya zan koma gidan nan?"

Sodnom ya ajiye allurar. "Ni ko tunkiya ba na taɓawa sai na sha shayin mai ita. Ka je ka zauna, ka yi shiru. Ita Yanjin dai ba ni take so ba, na sani tun bara. Amma tsohon nan shi ya koya mini hawan doki, ba na so ya mutu saboda wautarka."

Ranar Lahadi Orgil ya je. Ba a kore shi ba, ba a kuma kula shi ba. Ya sha shayi, ya tambayi lafiyar tumaki, aka amsa masa da kalma ɗaya. Ya taya ɗebo ruwa. Lahadi ta biyu ya taya sausayar tumaki, ya yanke yatsa, yara suka yi ta dariya. Kullum yana ganin idon tsohon yana ƙara rinewa, maganar tana cin sa, yana danne ta.

Lahadi ta uku Baba Purev ya ce ya raka shi duba dawaki. Da suka yi nisa da tanti, Orgil ya tsaya ya sunkuyar da kai.

"Baba, na ci mutuncinka a gidanka. Ka yafe mini."

"Kana tsammanin ban sani ba?" in ji tsohon, bai ko waiwayo ba. "Tun lokacin haihuwar tumaki na sani. Ɓoye mata nake yi har ta gama karatu. Kai kuma ka zo ka faɗa mata a gaban mutane, tana riƙe da shayi."

Wannan ta fi korar ciwo. Orgil ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sannan ya ce, "Me ya fi ba ka tsoro, Baba?"

Tsohon ya shafa wuyan dokinsa. "Uwarta a ɗakin da ba taga ta cika, tsakanin mutanen da ke kiranta da lambar gado. Ni a nan nake so in mutu."

"Ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba. Kwana ɗaya za mu yi a gari a gwada jininka, ina tare da kai, mu dawo. In irin wanda nake zato ne, ƙwayoyi ne na wata uku, a tantinka za ka sha, ni zan riƙa kawowa. In ba shi ba ne, kai zan fara faɗa wa, mu biyu, kai za ka zaɓi abin da za a yi."

Baba Purev ya juya dokinsa zuwa gida. "Laraba," ya ce. "Kuma a motar Sodnom. Kai ban yarda da tuƙinka ba."

Aka yi sa'a, irin mai jin magani ne. Kafin kaka ta ƙare idon tsohon ya washe. Iyayen Orgil suka zo daga birni da shuɗin ƙyallen siliki na neman aure da kwanon madara. Orgil ya durƙusa gaban Baba Purev cike da fargaba, don har ranar tsohon bai taɓa cewa ya amince ba.

Baba Purev ya bar shi a durƙushe har Yanjin ta fara share hawaye. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓi ƙyallen.

An yi bikin kafin dusar ƙanƙara ta fari, a sabon farin tanti. Amarya ta hura wutar murhunta, ta dafa shayin farko. Mahaifinta ya kurɓa, ya sumbaci goshin ango.

"Murhunku kada ya mutu, ƙofarku kada ta rasa baƙo, ku tsufa tare. Na ba ka ita, ɗana. Ranar da nawa lokacin ya zo da gaske, kai nake so ka faɗa mini."