Koren Kwanon Anti Kubura

Ku matso kusa. Batula, kashe fitilar wayar nan, ba biki muka zo ba. Ke kuma Murja, in kin san za ki jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu.

Kun san Anti Kubura, 'yar Gwaggo Delu, wadda ke kwance a ɗakin can ba ta kula kowa. Kuna cewa miskila ce. Da ba haka take ba.

Shekarar da ta samu aikin jinya a Kaduna, ta shiga neman gidan haya. Na ce ta jira ni mu je tare, ta ce ita ba yarinya ba ce. Wani dillali ya kai ta wata sabuwar unguwa, ya nuna mata ciki da falo, kicin da banɗaki duk a ciki. Katanga doguwa, da waya mai ƙaya a samanta. Ga baƙin get na ƙarfe. Get ɗin nan shi ya tafi da ita, don Kubura akwai tsoron ɓarayi.

"Sauran ɗakunan fa?" ta tambaye shi.

"Da mutane. Hayaniya ce ba sa so."

Ba ta tambayi kowa a layin ba. Ta karɓi makulli.

A bayan get akwai wani tsoho zaune a kan benci. Ana zafin bazara, amma ya lulluɓe ƙafafunsa da buhu. Ta gaishe shi. Leɓensa ya motsa, ya rufe, sannan muryar ta fito.

"Sannu, 'yata."

Ta ce a ranta tsufa ne.

Kun san tarbiyyar Gwaggo Delu. In ka tare a sabon wuri, sai ka kai wa maƙwabta abinci kafin ka ci naka. Ranar da Kubura ta tare ta yi dambun shinkafa, ta bi ƙofa ƙofa tana sallama. Shiru. Sai ta ajiye kwano a bakin kowace ƙofa. Tsohon kuma ta zuba masa a wani koren kwano.

Da magariba ta ji ƙarar kwanuka. Ta leƙo. Ga su a jere a bakin ƙofarta, an wanke su tas. Kun san kuma ba a mayar wa mutum kwano haka nan. Kowanne da dabino a ciki, manya manya, da sanyi kamar daga firji aka ciro su.

Ta ji daɗi, wallahi. Ta ce ta dace da mutanen kirki. Ta ci.

Washegari ta saka fararen kayanta za ta aiki. Tsohon ya miƙa hannu daga zaune ya zare sakata. Ta sa ƙafa ɗaya waje, tana ganin titi, tana ganin masu babur. Tana ɗaga ɗayar, sai ta gan ta a tsakar gida, tana kallon ƙofar ɗakinta, get a bayanta.

Ta sake gwadawa. Haka. Ta fita da gudu, ta shigo da gudu.

"Baba, me ke faruwa?"

"Kin ba mu, mun ba ki. Kin zama 'yar gida."

Ta kira dillali, ta ce ya zo ya yi wa mai gadi magana.

"Wane mai gadi? Hajiya, ke kaɗai ce a gidan nan."

"Ba kai ka ce da mutane ba?"

Ya kashe waya. Ba a ƙara samunsa ba.

Ni ta kira. Na isa rana tsaka. Get a buɗe, ga Kubura tsaye, tsakaninmu bai fi tsawon tabarmar nan ba. Ni benci kawai nake gani, ba kowa a kai. Na kama hannunta na ja da duk ƙarfina. Ta taho, ta taho, sai na ji hannuna wayam, ita kuma tana can ciki ta ba ni baya. Mutanen layi suna leƙe daga nesa, ba wanda ya matso. Ban taɓa jin ba ni da amfani a duniya irin na ranar ba. Na zauna daɓas a ƙasa ina kuka.

Da na rasa yadda zan yi, na kira Gwaggo Delu. Na faɗa mata abin da ke faruwa.

"Ni na koya mata," ta ce. "Ni na jefa 'yata a wannan hali. Ce mata ta mayar musu da kwano babu komai. Ta yi musu rashin kunya, ko Allah zai sa su kore ta."

Kubura ta ɗauko koren kwanon. Kafin ta kai benci, dabino ya cika shi. Ta zubar, ya sake cika. Sai ta kife shi, ta riƙo shi a kife, ta ajiye a gaban tsohon.

Sauran ita ta faɗa min. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sai ya miƙe tsaye, buhu ya zame. Ƙafafunsa a juye suke, dugadugai a gaba, yatsu na kallon baya.

"Haka uwarki ta koya miki?"

Ta ce, "E, Baba."

"To, fita. Amma mu ba ma riƙe kwanon mutane."

Sai ga ta ta faɗo jikina a titi, ba takalmi. Kayanta suna can har yau.

Tun daga ranar abinci ba ya yi mata ɗanɗano a baki. Ta bar aikin. Ta koma wajen Gwaggo, daga baya ta dawo nan. Duk inda take, in magariba ta yi, kwanon zai iso, a cike. Mun jefa shi a rijiya. Mun binne shi. An yi rubutu, an yi sauka. Washegari yana bakin ƙofa, a wanke tas.

Don haka ku ji ni da kyau. In kun girma kuna neman gida, kada wadda ta je gani ita kaɗai. Ku tambayi mutanen layi kafin ku karɓi makulli. Kuma koren kwanon nan da ke bakin ƙofar Anti Kubura, wanda kullum nake hana ku zuwa kusa da shi...

Murja. Me kike taunawa?