Shatin Da Ke Bayan Oumaima

Ranar Litinin aka kira Sufeto Amin Braimah daga wata firamare a Greensboro ta Amurka. An ga shatin rauni a bayan Oumaima, 'yar shekara bakwai.

Zahara, uwarta, ba ta jira tambaya ba. "Ubanta ne, Laouali. Tunda muka rabu, in ta je masa hutun ƙarshen mako sai duka. Amininsa Zabeirou shaida ne."

Nan take kotu ta hana Laouali ganin 'yarsa.

Sufeto ya ƙura wa hotunan ido. Shatin zagaye ne, a jere, kowanne da 'yan tsaga a tsakiya. Kai! Wane bel ne ke zana da'ira? Shi da ya tashi a zangon Kumasi ai ya san ƙaho.

Ya sami Laouali a ɗakinsa na unguwar Glenwood, ya rame.

"Wallahi ranka ya daɗe, ko karatun lakwal ta ƙi zuwa ban taɓa ɗaga mata hannu ba."

A bango akwai hoton ranar suna, wani na riƙe da aska a kan jaririya.

"Wane ne wannan?"

"Zabeirou. Gidansu wanzamai ne a Damagaram. Shi kaɗai zai wanke ni a kotu."

Bawan Allah, bai ma san wa ya ba da shaida a kansa ba.

A ofis, Zabeirou ya rantse ya ji ihun yarinyar ranar Asabar.

"Ka iya ƙaho?" in ji Sufeto.

"Na bar shi a gida tuntuni."

"Oumaima ta ce tari take yi, Baba Zabeirou ya kafa mata kofuna a falon mamarta. An ce in ta faɗa, babanta ba zai ƙara sonta ba."

Gumi ya karyo wa Zabeirou. Ya sunkuyar da kai.

"Zahara ce ta ce in kotu ta ba ta yarinyar ita kaɗai, za ta aure ni mu koma Ohio."

Aka sa musu ankwa su biyun, shi da Zahara. Laouali na tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

"Kai fa ka yi mata askin suna, Zabeirou."

Aka wuce da shi, ko waiwaye bai yi ba.

Da aka kawo Oumaima, Laouali ya durƙusa ya buɗe hannu. Ta tsaya nesa, ta ce da Turanci, "Baba, na faɗa. Har yanzu kana sona?"