Mai Taya Altine Ɓarar Gyaɗa

Shekarar da Jalo ya rasu gyaɗa ta yi albarka a Gude, amma gidansa ya yi tsit. Daga matarsa Altine sai 'yarsu Sabuwa, sai rumbu cike da gyaɗar da babu mai taya su ɓarewa.

Wata rana dab da magariba, Altine tana ɓara a gindin rumbu, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ga Jalo zaune gefenta, yana ɓara, yana tambayar shanu. Da ta farka ta ce mafarki ne, don yatsunta ba su yi zafi a ciki ba. Amma ƙwaryar da ta bari rabi ta cika taf.

Kullum haka. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wa zai kori abokin hira? Har ta daina gane yammar da take barci da wadda take ido biyu. Sai jifa ya fara sauka a kan jinka. Sabuwa ta daina cin abinci, ta wuni tana kallon bango.

Aka ɗauko Malam Dalhatu daga Gwarzo. Ya daɗe yana karatu a kunnen yarinyar, sannan ta buɗe baki da muryar Jalo.

"Kai ba Jalo ba ne," in ji Malam.

"Ban ce ni ne shi ba. Kaɗaici na gani na zauna, da rana in huta a jikin yarinyar. Altine, ta ina kika san yanzu ma ba mafarki kike ba? Ƙyale ni, ki riƙa ganinsa."

Altine ta dubi wuyan 'yarta da ya koma kamar kara. Ƙirjinta ya yi zafi.

"Duk zamana da kai ban taɓa jin ciwo ba," ta ce. "Yanzu ina ji. A farke nake. Sakar min 'yata."

"Zan fita. Amma da fuskarsa da muryarsa zan tafi, ko a barci ba za ki ƙara ganinsa ba."

Altine ta sake duban 'yarta.

"Tafi da su."

Sabuwa ta yi atishawa sau uku, ta nemi fura.

Altine ta ƙara shekara ashirin a duniya. Takan yi mafarkin shanu, da kasuwa, da uwarta. In jikoki suka tambaye ta kamannin kakansu, sai ta ce, "Dogo ne, ina jin."