Gwangwanin da Ke Bayan Tukwanena

"Ba zan miƙa masa yaro a bakin titi kamar kayan aike ba," in ji Auta.

"Ni ma ba zan shiga gidan yayarki ana kallona ta taga ba," in ji mijinta.

A ƙofar ɗakina suka tsaya, ita da goyo, shi da makullin mota a hannu, kowa ya kalli gefensa. Na ce su shigo, ɗakina bai yi faɗa da kowa ba. Daga ranar ɗakin nan ya zama tashar miƙa jariri.

Auta mai ɗinki ce, jikar aminiyata. Mijinta kuwa Mai Gilashi muke ce masa, don shi ke saka gilashin tagogi. Yaron nasu ni na raɗa masa Sarkin Kuka, kuma shi ne angona. Ni dai ba na shiga harkar mutane. Kunnena ne kawai ba ya jin magana.

Abin da ya raba su, gwangwani ne. Yaron yana ta kuka tun yana ɗanye, sai uwar miji ta ce nonon Auta ruwa ne, ba ya riƙe ciki. Maimakon Mai Gilashi ya tare wa matarsa, sai ya saɗaɗa ya sayo gwangwanin madarar jarirai ya ɓoye a bayan kaya. Ranar da Auta ta gani ba ta yi faɗa ba. Goyo ta yi, ta ɗauki jakarta, ta ce:

"Tun da gwangwani ya fi ni, ku zauna da shi."

Manya suka shiga, aka kasa. A ƙarshe aka tsayar cewa duk Asabar uban zai ɗauki yaro da safe ya kai wa mahaifiyarsa, ya dawo da shi da yamma. Auta ta ce ta yarda, amma nononta kaɗai zai sha. Za ta tatsa ta zuba a kwalba.

Da farko haka aka yi. Ta kawo kwalabe cike a 'yar jakar sanyi, ta dire su a kan tebur tana ɗaga kai.

Sai wata Asabar ta zo mini da sassafe, ido ya kumbura. Ta rufe ƙofa, ta fito da kwalba. Abin da ke ciki bai rufe gindinta ba.

"Iya... tun jiya nake matsa. Wannan ne kawai."

"To ki gaya masa mana."

"In gaya masa me? In ce uwarsa ce ta yi gaskiya?" Ta ajiye kwalbar. "Ranar da ta ji, cewa za ta yi a bar mata yaron, tun da ba abin da nake ba shi. Iya, shi kaɗai na fito da shi daga gidan can."

Daga ƙarƙashin gyalenta ta zaro gwangwani. Irin wancan ɗin, har hoton da ke jiki. Ta kasa haɗa ido da ni. A gidan yayarta ba ta isa ta ajiye shi ba, don yayar ta bi unguwa tana faɗin ƙanwarta ta bar gida ne saboda mutuncin nononta.

Na karɓa na tura shi bayan tukwanena.

Haka muka shiga yi. Ta zo da wuri, ta dafa ruwa, ta dama, ta cika kwalabe, ta wanke cokalin awo ta ɓoye. In Mai Gilashi ya zo ta miƙa masa jaka ba tare da ta ɗago ba.

"Na yau ne?" yakan tambaya.

"Na yau ne."

Da ya fita sai ta zauna a bakin gadona ta rufe fuska. Har sauran kwanakin ma nonon ya ja baya. Yaro ya tsotsa ya tsotsa, ya saki, ya kalle ta ya fashe da kuka. Na ga 'ya mace tana ramewa a tsaye, ba ciwo.

Ni kuwa labari yana ta cizona a ciki. Mai kitso ta tambaye ni, matar mai shago ta tambaye ni. Na ce ban ga komai ba. Allah kaɗai ya san wahalar da na sha.

Ranar da abin ya fashe, angona yana hannuna ina masa wasa, Auta tana durƙushe gaban tebur, gwangwani a buɗe, cokali cike a hannunta. Ba mu ji tsayuwar mota ba. Sallama kawai muka ji, labule ya ɗaga.

Cokalin ya faɗi, garin ya watse a kan zanenta.

Ba ta tashi ba, ba ta juyo ba. Ta sa tafin hannu ta rufe bakin gwangwanin, kamar hannu zai iya ɓoye shi.

Na ce, "Nawa ne. Likita ya ce in riƙa sha saboda ƙashi."

"Iya," in ji shi, "da kwalbar jarirai kike sha?"

Na gyara wa angona zama a cinyata.

Ya cire takalmi ya shigo, ya tsuguna nesa da ita kaɗan.

"Auta."

"Je ka gaya wa Mama." Ta ƙara danne bakin gwangwanin. "Je ka ce ta yi gaskiya. Ku yi dariyarku... amma don Allah kar ku raba ni da shi."

"Na daɗe da sani."

Sai a lokacin ta ɗago.

"Naki in ya zauna a firiji rabuwa yake yi, mai ya taso sama, sai na juya kwalbar a hankali. Wannan kuwa yadda kika zuba haka yake zama." Ya sosa ƙeya. "Kuma ni nake canza masa ƙunzugu. Kashin ma ya ba ni labari."

Dariya ta taso mini, na mayar da ita tari.

"Ita fa?" Auta ta tambaya. "Mama ta sani?"

"Na ce mata naki ne. Har cewa ta yi ai yanzu nonon ya yi kauri, ta ga yaro ya murje."

Auta ta dafe baki. Ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

"Me ya sa ka rufa mini?"

"Don wancan karon ban rufa miki ba." Ya sunkuyar da kai. "Aka faɗa miki magana a gabana na yi shiru. Na je na sayo abu a ɓoye kamar ɓarawo a gidana. Ba gwangwanin ne laifi ba, 'yar gidana. Ni ne."

Angona yana ta tsotsar yatsa, uban ya gyara tsuguno.

"Kin san abin da ya kawo ni da wuri? Na je saka gilashi a wani asibiti, na tambayi wata nas. Na ce matar abokina ce." Ya ɗan murmusa. "Ta ce in gaya wa abokin nawa, nono in ba a sha ba jiki ɗauka yake ba a buƙata. Yini guda ba tsotso, ga damuwa, ga rashin barci, dole ya ja baya. Sai na gane Asabar ɗina ce take busar da ke. Na zo in ce na haƙura. Ba zan ƙara ɗaukarsa ba. In Iya ta yarda, in riƙa zuwa nan in gan shi a hannunki."

"Mama fa?"

"Ni zan yi mata bayani. Wannan karon da bakina."

Hawaye suka zubo wa Auta, ba ta share ba.

Ni kuwa idona ya kai kan wani ƙyalle da ke leƙowa daga aljihun rigar Mai Gilashi. Na ce, "Kai, mijina, mene ne wannan mai furanni? Ko ka yi mini kishiya ne?"

Ya yi saurin tura shi ciki, amma Auta ta riga ta gani.

"Ɗankwalina ne... wanda na bari a kan ƙofa."

Yanzu shi ne ya kasa ɗago kai. Ƙaton namiji mai ɗaukar gilashi a kafaɗa, ya koma kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Ba ya karɓar kwalba a hannuna," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sai na yafa wannan a kafaɗa ya ji ƙamshinki. Kulle ƙofa nake yi, kar a gan ni."

"Asabar kaɗai kake yawo da shi?" na tambaya.

Ya dafe aljihun da hannu. Ai kuwa ya amsa.

Daidai nan Sarkin Kuka ya tuna da sarautarsa, ya callara kuka. Auta ta miƙo hannu za ta karɓe shi, sai ta tsaya ta kalli ƙirjinta. Gaban rigarta ya jiƙe, ɓangare biyu. Ta ja gyale da sauri ta rufe. Shi kuma ya juya ya fuskanci bango kamar baƙo.

Na ce, "Ji mini munafunci. Yaron nan daga sama ya faɗo muku?"

Ta sa shi a nono. Ya kama, ya tsotsa, muka ji yana haɗiya. Ba mai yawa ba ne, kar in yi muku ƙarya, daga baya sai da aka cika masa da kwalba. Amma uban ne ya dama, a gabanta, ita ta riƙe masa cokalin.

Da yaro ya yi barci ta miƙa hannu, ya ba ta ɗankwalin. Ta kai hanci, ta daɗe.

"Ƙamshina ya fita. Naka ne a jiki duk."

"To ki dawo ki mayar masa," ya ce. "Don Allah, Auta."

Ta sake kallon ɗankwalin. Ɗaura shi ta yi a kanta.

Asabar ta gaba na share ɗaki, na gyara gado, ba wanda ya zo. Sai na sa takalmi na je gidansu, don kawai in duba lafiyar angona. Na tarar da shi a cinyar uwarsa yana sha, uban yana wanke kwalabe, uwar miji tana gefe ta kawo wa Auta abinci a rufe, tana ta kallon ƙasa.

Gwangwanin kuwa yana kan tebur a tsakiyar falo, ba wanda ya rufe shi da komai.